Dole Sai An Ƙare Da Ɗaurin Aure?

A majalisun samari da hirar 'yan mata, daga Mainika har Gwarzo da Kabo, akwai gardamar da ta ƙi ƙarewa: wai labarin soyayya ba ya daɗi sai an rufe shi da biki?

Masu cewa e, hujjarsu littafin "In Da So Da Ƙauna" na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, ya zama fim a 1994. Sumayya ta ƙi mai kuɗi, har rijiya ta faɗa saboda talaka Muhammad. Da aka ɗaura masu aure, dole makaranci ya yi ajiyar zuciya, don zaɓinta ta samu.

To "Alhaki Kuykuyo Ne" na Balaraba Ramat Yakubu fa? Alhaji Abdu ya kori Rabi saboda Delu, ta riƙe 'ya'yanta da sayar da abinci. Da karayar arziki ta same shi, aka matsa mata ta koma. Shi ma ai aure ne, amma wa ya yi guɗa?

Don haka furodusoshinmu, kafin ku kira makaɗan biki, ku duba: amaryar nan so take, ko tura ta aka yi?