Kafin a ɗaure kaya a bar tsohon ofis

A watan Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna suka rufe shagunan magani sama da 1,000 a Kano, bayan kotu ta umarci 'yan kasuwar maganin Sabon Gari su koma sabuwar kasuwar Dangwauro da ke hanyar Zariya. Ina goyon bayan dalilin, domin magani ba kayan da za a jibge a zafi ba ne. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mai kemis ɗin ƙauye, wanda ya yi sammako ya biya kuɗin mota, ya iso ƙofar dillalinsa ya tarar an garƙame.

Dillalan dai tilas ce ta tashe su. Mai ofishin da ya zaɓi ranar tashinsa da kansa kuwa ba shi da uzurin jefa abokin cinikinsa cikin wannan hali, amma kullum ana yi. Hankalin maigida yakan tafi kan tebura da kujeru da cinikin 'yan dako, ya manta da wanda ke kawo kuɗin.

Mu nan da kwatance muke zuwa wuri. Kaɗan ne suka san lambar gini. Abin da mutum ya riƙe shi ne "bayan gidan mai, kusa da masallacin Juma'a, benen da mai shayi ke ƙasansa", kuma shi yake gaya wa mai adaidaita sahu. Ranar da ka tashi, wannan kwatancen da aka yi shekaru ana haddacewa ya mutu. Saƙo ɗaya a WhatsApp ba zai raya sabo ba. Manyan abokan hulɗa a kira su ɗaya bayan ɗaya tun saura wata guda, a faɗa musu da baki. Mai shayin nan da maigadi da maƙwabcin shago su ma a ba su sabon kwatance, don su za a fara tambaya. Lambar waya kuma kada a kuskura a canja ta a wannan lokaci.

Shawarar da masu ofis suka fi ƙi ita ce biyan haya biyu na ɗan lokaci. Suna ganin asara ce. Ni kuwa ina ganin ita ce mafi arha cikin kuɗin tashi gaba ɗaya, domin sauri kan haifi nawa. Cikin waɗannan makonni ne za a gwada intanet da na'urar POS a sabon wuri, a ga ko sabis na shiga har ɗakin akawu, a haɗa janareta ko sola. Tun kafin a sa hannu a takardar haya kuwa, a je ofishin KEDCO a duba ko akwai tsohon bashi a kan mitar.

Takardu ma suna da haƙƙinsu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba kamfani kwana 14 ya sanar da hukumar CAC sauyin adireshi, sai kuma a sanar da banki da ofishin haraji.

Ranar kwashe kaya ta zama daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi, ba ƙarshen wata lokacin albashi ba, ba jajibirin Sallah ba, ba kuma tsakiyar Agusta da ruwa zai jiƙa fayil a bayan a-kori-kura ba. Kwamfutar akawu da littafin bashi kada su hau motar kaya. A kwafi abin da ke cikinsu, sannan wanda alhakinsu ke wuyansa ya ɗauke su da hannunsa. Ma'aikata kuma a tambaye su tun da wuri nawa kuɗin motarsu zai ƙaru. Wanda ke hawa mota ɗaya ya koma hawa biyu, albashinsa aka rage ba a faɗa masa ba.

Tsohon wuri kuma a bar yaro ɗaya da kujera da waya har wata ya cika, duk wanda ya zo ya raka shi bakin titi ya yi wa direba kwatance.