Kasadar Ran Wa?

A 2018 hukumar FIA ta wajabta wa motocin tseren Formula 1 wani lanƙwasasshen ƙarfe mai suna halo, wanda ke kewaye kan direba. Nan take 'yan kallo, har da waɗansu direbobi, suka yi ca, wai ya munana mota, wai tsere ba ya armashi sai da kasada. To, kasadar ran wa? A 2020, a Bahrain, motar Romain Grosjean ta kutsa cikin shingen ƙarfe, ta rabe biyu, ta kama wuta. Halo ne ya kare masa kai, ya fito da ƙafafunsa, da ƙuna a hannuwa. Da hukumar ta biye wa masu surutu, da ran nan gawa aka ɗauko.