Wasan Lambobi A Waya Ba Darasin Lissafi Ba Ne

Wata ƙarya mai ladabi ta samu gindin zama a gidajen 'yan boko: wai wasan haɗa lambobi cikin gaggawa yana kaifafa ƙwaƙwalwa. Fasalinsa sananne ne. Lambobi na bayyana a fuskar waya, mai wasa ya haɗa biyu masu kama da juna, ko waɗanda jimlarsu ta kai 10, kafin lokaci ya ƙure masa. Da yake lambobi ake gani maimakon alewa ko tsuntsaye, sai uba ya miƙa wa ɗansa waya hankali kwance, yana zaton karatu ake yi. Shi ma kansa yakan ɓatar da sa'a guda a ofis da sunan motsa ƙwaƙwalwa.

An daɗe da gwada wannan da'awa, kuma ba ta tsaya da ƙafarta ba. A 2010, mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa binciken da Adrian Owen da abokan aikinsa suka gudanar tare da BBC, inda mutum 11,430 suka shafe mako shida suna irin waɗannan atisaye a intanet. Sun ƙware a wasannin da suka maimaita, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wasu ayyukan tunani ba, har ma da masu kama da su. A 2014, masana kimanin 70, ƙarƙashin jagorancin wata cibiya ta Jami'ar Stanford da cibiyar Max Planck ta Jamus, suka sa hannu a sanarwar da ke cewa babu ƙwaƙƙwarar hujjar da ke goyon bayan alkawuran kamfanonin. A Janairun 2016 kuwa, kamfanin da ke da Lumosity ya amince ya biya dala miliyan 2 bayan hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tuhume shi da yaudara a talla. Idan manhajar da aka ƙera musamman don horar da ƙwaƙwalwa ta kasa kare kanta, ina ga wasan da aka liƙa wa lambobi don ado?

Dalilin a fili yake. Lissafi na bukatar natsuwa: mutum ya fahimci tambaya, ya zaɓi hanya, ya duba inda ya yi kure. Agogon da ke ƙirga daƙiƙoƙi yana hana duk wannan. Abin da yake horarwa shi ne saurin ido da babban yatsa. Yaron da ya iya haɗa 7 da 3 cikin ƙiftawar ido bai ƙaru da komai ba game da kaso cikin ɗari ko rabon gado.

To, wa agogon yake yi wa aiki? Mai talla. Gajeren zagaye na nufin yawan faɗuwa, kowace faɗuwa kuma ƙofa ce ta nuna talla, ko ta tayin "kalli bidiyo ka ci gaba". Tarihin Threes ya isa misali. Asher Vollmer da Greg Wohlwend sun kwashe wata 14 suna gina shi, babu agogo a cikinsa, suka fitar da shi don sayarwa a Fabrairun 2014. Cikin makonni, wani matashi ɗan Italiya, Gabriele Cirulli, ya rubuta 2048 a hutun ƙarshen mako guda, ya sake shi kyauta. Nan take kwafe-kwafe masu ɗauke da talla suka cika shagunan manhaja. A 2015, masu Threes ma suka fitar da na kyauta mai talla. Kasuwar ta nuna abin da take saye, wato lokacin mai kallo.

Za a ce ai nishaɗi ne kawai, kuma gajiyayye na da haƙƙin hutawa. Gaskiya ne, babu mai jayayya da wannan. Dattawan da ke buga dara a gindin bishiya ba su taɓa cewa digiri suke nema ba, ga shi kuwa darar ta fi waɗannan wasanni bukatar dabara. Matsalar tana wajen sanya wa nishaɗi rigar ilimi, domin wanda ya san wasa yake yi yakan ƙayyade masa lokaci, wanda ke zaton karatu yake kuwa ba ya ganin dalilin tsayawa. Dong Nguyen, ɗan Biyetnam da ya ƙirƙiro Flappy Bird, ya janye wasansa daga kasuwa a Fabrairun 2014 yana tsaka da kawo kuɗi, bisa dalilin cewa ya zame wa mutane jaraba. Kamfanoni kaɗan ne za su yi irin wannan, don haka nauyin ya koma kan iyaye.

Duk uban da ke son ɗansa ya iya lissafi, ya zauna da shi da takarda da fensir, ko ya aike shi kanti ya ƙirgo canji. Idan kuma zai ba shi wayar, ya kira abin da sunansa na wasa, ya yanka masa minti, ya karɓe ta idan lokacin ya cika.