Mai suka ba lallai mahassadi ba ne

Malam Edita,

Ina koyarwa a Ollelewa, cikin Damargu, kuma abin da ke fita daga wayoyin ɗalibaina yana damuna. Waƙoƙin siyasa da na soyayya daga Kano suna iso mana ta Damagaram da Tanut, yara suna haddace su fiye da darasi.

Ban ƙi kiɗa ba. Hujjar da ke cikin waƙoƙin ce ta hana ni barci. Mawaƙi zai ce duk mai sukar gwaninsa mahassadi ne. Ko da mahassadi ne, ƙarya ya faɗa ko gaskiya? Wani ya ce taron jama'a ya nuna gwaninsa ne ya cancanta, kamar yawan mutane shi ne shaida. Dauda Kahutu Rarara ya yi wa Buhari waƙa a 2015 da 2019, a 2023 kuma ya fito yana sukar mulkinsa. Yaron da ya dogara da waƙar farko, wacce zai riƙe?

Makon jiya na gyara wa wani yaro lissafi, ya ce da abokinsa hassada nake yi masa. Shekarunsa 13. Ina roƙon gidajen rediyonmu su buɗe fili a tattauna ma'anar waƙoƙin da suke sakawa.

Wani malamin makaranta,
Ollelewa