Hoton Ƙaramin Zalɓe da Ruwan da Yake Tsaye a Ciki

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. Wannan ƙaramar maƙala za ta dubi wani nauyi da ke wuyan matasan Kano masu sha'awar ɗaukar hoton tsuntsaye, musamman waɗanda ke bin bakin rafin Getsi ta wajen Dakata da Bompai.

Daga cikin tsuntsayen da ake nema akwai wani ƙaramin zalɓe mai launin ƙasa-ƙasa, wanda girmansa bai wuce na balbela ba. Idan ya laɓe a cikin ciyawa da wuya ido ya rabe shi da busasshen kara, amma da zarar ya tashi sai fukafukansa su bayyana fari fat. Samun hotonsa sai mai haƙuri. Dole mutum ya yi sammako, ya sa tufafi marasa ƙyalli, ya ba rana baya, ya zauna shiru har tsuntsun ya saki jiki ya koma farautar kwaɗi da ƙwari da ƙananan kifaye. Wanda duk ya kore shi don ya same shi a sama, ko ya matsa wa sheƙarsa, ya cuce shi.

To amma inda gizo ke saƙar shi ne, kyamara mai dogon hange takan fito da tsuntsu tangaran, ta dusashe abin da ke bayansa. Da haka ake kawar da leda da kumfa da baƙin ruwa daga hoto, har mai kallo ya zaci a fadamar Hadeja da Nguru aka ɗauke shi. Wannan kuwa ɓoye gaskiya ne, domin ruwa ba ya tsami banza. Rafin Getsi shi ke kwashe dagwalon masana'antun Bompai ya zuba a Jakara, ita kuma ta kai shi madatsar Wasai a Minjibir. Haka rafin Salanta ke kai na Sharaɗa kogin Challawa. Kamfanonin jima suna aiki da sinadarin kuromiyam, wanda ba ya ruɓewa, sai dai ya kwanta a cikin laka. Abin da ya shiga cikin kwaɗo ya shiga cikin zalɓe. Da wannan ruwa ne kuma masu lambu ke ban ruwan latas da alayyafo da ake kai wa kasuwannin birni.

Wani zai ce aikin mai hoto nuna kyawo ne, bincike kuwa na hukuma ne, tun da an kafa NESREA a 2007 domin haka. Gaskiya ne, amma hukuma ba ta kwana a bakin rafi, kuma hoton da ya share ƙazanta ya rage mata hujja.

Saboda haka ya kamata kowane mai kyamara ya riƙa ɗaukar hoto biyu: ɗaya na tsuntsun a kusa, ɗaya kuma mai faɗi da zai nuna launin ruwan da bakin gaɓa. Ya rubuta rana da wuri, ya kuma tambayi masu lambu sunan da suke kiran tsuntsun da shi. Ɗaliban Hausa sun fi kowa cancantar wannan aiki na ƙarshe. Idan aka tara irin waɗannan hotuna shekara da shekaru, za a iya sanin ko zalɓen yana ƙaruwa a Getsi, ko kuwa ƙaura yake yi.