"Ai mun turo JSON" ba amsa ba ce

1/ 'Yan'uwa masu rubuta manhaja, akwai maganar da na gaji da ji: "Ai mun turo JSON, sauran naku ne." Wannan ba gama aiki ba ne, zame jiki ne. Zare 🧵

2/ JSON ya yi mana rana, ban musa ba. Manhajar PHP na magana da ta Python, ta Java da ta JavaScript, babu tafinta. Amma iliminsa kaɗan ne: rubutu, adadi, e ko a'a, jeri, ƙunshi, sai null. Bai san kuɗi ba, bai san kwanan wata ba.

3/ Lambar asusun banki a Najeriya alƙaluma 10 ce, da yawa da sifiri suke farawa. Ka mayar da ita adadi, 0123456789 ta koma 123456789. Haka lambar waya mai 080. Duk abin da ba a tarawa ko ɗebewa, rubutu ne, ko da alƙaluma aka rubuta shi.

4/ JavaScript ba ya riƙe cikakken adadi daidai idan ya wuce 9007199254740991. Java da Python suna riƙewa. Sai ka turo lamba, ɗaya ɓangaren ya canza mata wutsiya shiru, ba ƙorafi. A 2010 sai da Twitter ya ƙara id_str saboda wannan. Mu ne muka fi su?

5/ Kuɗi fa? Buga 0.1 + 0.2 a Python ko JavaScript, ka ga 0.30000000000000004. Shi ya sa Paystack ke karɓar kuɗi a kwabo. To amma idan kai naira kake nufi, wancan kwabo yake karantawa, ₦500 ta zama ₦5. Ko akasin haka, ta zama ₦50,000.

6/ 03/04/2025: a wurinmu 3 ga Afrilu, a Amurka 4 ga Maris. Akwai ISO 8601, kyauta: 2025-04-03T10:00:00+01:00. Har bambancin agogo yana ciki. Me ya hana?

7/ Wannan ta fi yi min ciwo. RFC 8259 na 2017 ya ce JSON da ke yawo tsakanin na'urori dole ya zama UTF-8. Amma a bar rumbun bayanai a latin1, Ɗanladi ya koma ?anladi. Ƙ, ɗ, ɓ, da ƴ ta mutanen Nijar, haruffan sunayenmu ne. Wanda bai gwada su ba bai gwada komai ba.

8/ Masu PHP, ku sani: json_encode na mayar da fankon array zuwa [], alhali idan da sunaye a ciki {} yake bayarwa. Manhajar Java da ke jiran ƙunshi ta ga jeri, sai ta tsaya cak.

9/ Masu tura pickle ko serialize zuwa waje kuma, Allah Ya shirye ku. Wani yaren ba zai gane ba, kuma takardun Python da kansu sun yi gargaɗi: buɗe pickle daga wanda ba ka amince da shi ba na iya kunna umarninsa a injinka.

10/ Na san amsar: "Oga na gaggawa, babu lokacin rubuta takarda." Amma akwai lokacin kwana uku ana jifan juna da laifi a WhatsApp? Ba a fafe gora ranar tafiya.

11/ Abin da nake nema ba shi da yawa. Kafin layin farko, ku zauna ku rubuta: sunan kowane fili, nau'insa, naira ko kwabo, zai iya zama null ko a'a. Ku sa shi a OpenAPI ko JSON Schema, kowane ɓangare ya riƙa tantance abin da ya shigo. Ko ku ɗauki Protocol Buffers, shi dole ne ma a rubuta.

12/ Domin idan abin ya ɓaci, ba mu ke kwana da shi ba. Mai POS ne da kuɗinsa ya maƙale, ɗaliba ce da sunanta ya fito da alamar tambaya a takardar makaranta. Su ba su san JSON ba. Mu da muka sani, amana ce a wuyanmu.