KANO PILLARS: A BUƊE WA JAMA'A LITTAFIN LISSAFI

Duk wanda ke zama cikin jama'a a kudancin Jihar Kano, tun daga tashar motar Kwanar Ɗangora har zuwa teburan masu shayi na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, ya san cewa hirar ƙungiyar wasan ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars ta sake salo. Dā can gardamar ba ta wuce wane ne ya jefa ƙwallo a raga, wane ne kuma ya ɓaras. Yanzu kuwa tambayoyin da magoya baya ke yi su ne: wa ke naɗa shugabannin ƙungiyar, bisa wace cancanta, nawa a ke kashewa, kuma ina kuɗin ƙofa ke shiga? Ra'ayin wannan jarida shi ne tambayoyin nan halal ne, kuma ya wajaba a amsa su da alƙaluma a rubuce.

Dalili kuwa a fili ya ke. Kano Pillars ba ƙungiyar wani attajiri ba ce. An kafa ta cikin 1990 bayan da aka haɗe ƙungiyoyi uku, watau WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, kuma Gwamnatin Jiha ce ke riƙe da ita daga baitulmali. Baitulmalin nan na ƙananan hukumomi 44 ne baki ɗaya. Manomin rani da ke gefen madatsar ruwa ta Tiga, da malamin makaranta a Kiru, da ɗan kasuwar hatsi a Tudun Wada, duk suna da haƙƙi cikin kowace Naira da aka fitar don albashin ɗan wasa, ko da kuwa ba su taɓa taka filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba. Wanda ya zuba dukiyarsa cikin wani sha'ani, ba a kiransa mai shisshigi in ya nemi a gwada masa lissafi.

Ba wanda zai yi musun cewa ƙungiyar ta fitar da Jihar Kano kunya. Bayan Raccah Rovers, wadda ta ci gasar ƙasa cikin 1978, Kanawa sun yi shekara talatin suna jira kafin Pillars ta dawo da kofin cikin 2008, ta kuma sake cinye shi sau uku a jere, cikin 2012 da 2013 da 2014. Cikin 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka bayan da aka tashi 2-2 a Alƙahira, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe. Cikin 2019 ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes da bugun fanareti. 'Yan wasanta ma sun zubar da jininsu a bakin aiki, domin cikin watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motarsu wuta a hanyarsu ta zuwa Owerri, suka raunata biyar daga cikinsu. Amma ƙungiyar nan da a ke yi wa kirari da Sai Masu Gida ita ce ta faɗa rukuni na biyu cikin 2022, sai cikin 2023 ta samu ta farfaɗo. Faɗuwa irin wannan ba ta zuwa dare ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙorafin magoya baya ya kasu kashi uku. Na farko shi ne yadda a ke naɗa hukumar gudanarwa. Da yake Gwamna ne ke naɗawa, shi ne kuma ke saukewa, jama'a na ganin kujerar shugaban ƙungiya ta zama kamar sauran muƙaman siyasa, a zo da sabuwar gwamnati a tafi da tsohuwa. Shugaban da bai san ko zai kai baɗi a kan kujerarsa ba, ba zai ɓata lokaci wajen renon yara 'yan shekara goma sha biyar ba. Abin da zai nema shi ne nasarar ranar Lahadi mai zuwa, ko ta wane hali.

Na biyu shi ne sha'anin masu horar da 'yan wasa. Kadiri Ikhana ne ya ci kofin 2008, Muhammad Babaganaru ya ci na 2012 da 2013, Okey Emordi kuma na 2014. Tun daga lokacin an ga masu horarwa da dama, na gida da na waje, suna shiga suna fita. A nan magoya baya sun rabu biyu. Waɗansu na cewa a kori koci da zarar ya sha kashi sau biyu ko uku. Waɗansu kuwa na cewa kocin da aka ɗaukar wa 'yan wasa ba da shawararsa ba, aka kuma jinkirta musu haƙƙinsu, bai kamata a ɗora masa laifin wasu ba. Gaskiya ta fi karkata ga na biyun. Ko wane sabon koci yakan zo da nasa 'yan wasan, a sallami na dā, a biya sababbi kuɗin sa hannu, kuma duk ɗawainiyar nan daga baitulmali ta ke fitowa.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne kuɗi. Kano na cikin garuruwan da suka fi cika filin wasa a duk Nijeriya. Amma da wuya a sami mai goyon baya guda ɗaya, kome ƙaunarsa ga ƙungiyar, da zai iya faɗin abin da aka tara a ƙofa cikin kakar wasa ɗaya, ko abin da aka samu wajen sayar da ɗan wasa ga wata ƙungiya, ko abin da masu talla suka biya. Wannan jarida ba ta tuhumar kowa da cin amana. Abin da ta ke cewa shi ne inda babu lissafi a fili, jita-jita ce ke cike gurbinsa, kuma jita-jita ba ta bambanta mai gaskiya da maras gaskiya. Shugaba mai riƙon amana shi ya fi kowa cin ribar a buga lissafi.

Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Magoya baya na da nasu kason cikin asarar da su ke kuka da ita. Cikin watan Yuni na 2019 'yan kallo suka kutsa fili a Agege bayan wasa da Enugu Rangers, aka ci ƙungiyar tarar Naira miliyan 8. Cikin watan Afrilu na 2022 aka farfasa motar Katsina United a Kano, aka ci tarar Naira miliyan 9, aka zaftare maki uku, aka kuma mai da wasannin gida Abuja. Cikin watan Oktoba na 2025, bayan wasa da Shooting Stars, aka sake kutsawa fili aka far wa alƙalan wasa, aka ci tarar Naira miliyan 9.5, aka zaftare maki uku, aka kori ƙungiyar zuwa Katsina. Tarar nan uku kaɗai ta kama Naira miliyan 26.5, ban da kuɗin ƙofa da aka rasa da kuɗin mota da masauki. Wanda ya jefa dutsen bai biya ko kwabo ba. Wanda ya biya shi ne wancan saurayi na Doguwa da kan ratsa dajin Falgore da kuɗin motarsa don ya ga wasa, aka kuma wayi gari an ɗauke masa wasan zuwa wata jiha.

Ko da ya ke haka ne, ba za a manta ba cewa cikin watan Yuni na 2022 shugaban ƙungiyar na lokacin da kansa hukumar gasa ta samu da laifin kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu, a wasa da Dakkada, aka sake zaftare maki uku. A ƙarshen wannan kaka Pillars da Katsina United duka suka faɗi. In babba ya yi haka a gaban jama'a, da wane baki zai tsawata wa yaro?

Abin da a ke nema ba baƙon abu ba ne a duniya. A Jamus doka ta tanadi cewa mambobin ƙungiya ne ke riƙe da rinjayen ƙuri'a. A Sifen mambobin Barcelona da na Real Madrid ne ke zaɓen shugabansu, haka kuma Al Ahly ɗin nan da aka fitar cikin 2009. A gida kuwa Remo Stars, wadda ba ta dogara da baitulmalin wata jiha ba, ta ci gasar ƙasa cikin 2025.

Sabo da haka wannan jarida na kira ga Gwamnatin Jiha da Majalisar Dokoki su ɗauki matakai huɗu. Na ɗaya, a riƙa buga lissafin shiga da fita na ƙungiyar ko wace shekara, bayan Babban Mai Binciken Kuɗi na Jiha ya duba shi, kamar yadda a ke yi wa sauran hukumomin Gwamnati. Na biyu, a ba hukumar gudanarwa wa'adi sananne a rubuce, da abin da a ke so ta cim ma, yadda canjin gwamnati ba zai taɓa ta ba. Na uku, a yi wa magoya baya rajista da katin shaida da ɗan kuɗin shekara a ko wace ƙaramar hukuma, a ba wakilansu kujera a hukumar; ta haka za a san mai ƙaunar ƙungiya, a kuma san mai jifa da sunansa, a gurfanar da shi shi kaɗai. Na huɗu, a ware wani kaso na kasafin don gasar makarantu da ta matasa a wajen birni, domin yaran da ke buga tamaula a filayen firamare na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su ma 'ya'yan masu gidan ne.

Naɗin da aka yi wa Ahmed Musa a matsayin Babban Manaja cikin watan Yuli na 2025 ya faranta wa jama'a rai, domin ɗan gida ne wanda ya ci wa ƙungiyar ƙwallo 18 cikin kakar 2010, ya kuma ga yadda a ke tafiyar da ƙungiyoyi a Turai. Amma abin da ya auku wata uku bayan naɗin ya nuna cewa sunan mutum guda, kome girmansa, ba ya maye gurbin tsari. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gwamnati ta buɗe littafin lissafi, magoya baya kuma su ajiye duwatsu.